Tutarmu a Kwance Take

Ina aji uku na firamare na gano cewa tutar garinmu ba daidai take ba, kuma da yake tun ina ƙarama bakina ba ya riƙe magana, a ranar na kai labarin gida. An raba mana sababbin littattafan rubutu, a bayan kowanne akwai hoton tutar Najeriya: kore a hagu, fari a tsakiya, kore a dama, duka a tsaye. Tamu kuwa, wadda ake ɗagawa a filin makaranta duk ranar ɗaya ga Oktoba, kore ne a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, a kwance kamar an shimfiɗa gwado. Kuma mahaifina ne ya saƙa ta. Na faɗa gida a guje ko sallama babu, na iske shi a tsakar gida yana shan fura, na ce, "Baba, ashe tutarka karkatacciya ce!"

Inna ta sakar mini wani ranƙwashi da sai da na ga wuta. Baba ya ajiye ludayi, ya karɓi littafin, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Tasu ta yi kyau." Ya miƙo mini abina ya ci gaba da shan furarsa. Sai daga baya na gane ba wani sabon labari na kawo ba. Mutanen da ke kai gero da wake kasuwar Dawanau duk shekara, suna wuce ofisoshin gwamnati a hanya, ai sun sha ganin yadda tutar ƙasa take. Kaf garin nan ni kaɗai ce ban sani ba.

Garinmu ƙauye ne a arewacin Kano, ba nisa da Ɗanbatta. Gona na manne da gona, babu daji ko na magani, in ka tsaya a gonarka ka yi atishawa na ƙauyen gaba zai ce maka yarhamukallah. Noma muke yi kamar kowa, amma a da an san mu da saƙa. Mata suna kaɗi, maza suna zaune a gindin masaƙa da zarar an gama aikin damina.

Ga yadda Baba ya ba mu labarin, kuma tsofaffin garin ba su taɓa ƙaryata shi ba. A shekarar alif ɗari tara da sittin yana saurayi, bai yi aure ba, ya dai iya saƙa a hannun mahaifinsa. Ana tsaka da yankan gero sai ga jakadan hakimi a kan keke, ya sauka a ƙofar gidan mai gari, ya ce Turawa za su tafi, ranar ɗaya ga watan Bature mai kamawa ƙasa za ta koma hannun 'ya'yanta, kowane gari ya yi murna ya ɗaga tuta. Aka ce to ina tutar? Ya ce waɗanda aka aiko sun ƙare a garin hakimi, an raba wa 'yan makaranta, mu kuwa lokacin ba mu da makaranta. Aka ce yaya kamarta? Ya ce kore ne da fari da kore. Shi ma a ninke ya gan ta a kan teburin magatakarda, amma bai faɗi haka ba sai bayan shekaru.

Wani tsoho, in ji Baba, ya ce, "To in sun tafi, wa zai zama Baturen?" Mai gari ya dube shi ya ce, "Mu." Aka yi ta dariya, amma mai gari bai yi ba. Ya ce garin masaƙa guda ba zai je aron ƙyalle ba, a bi gida gida, kowace mace ta kawo zaren da ta kaɗa ta ajiye. Sabuwar auduga ba ta zo ba, saboda haka abin da mata suka ɓoye don zanen 'ya'yansu shi suka fito da shi. Manyan masaƙa duk suna gona, hatsi ba ya jira, sai aka ɗora wa Baba aikin. Daga sallar asuba zuwa magariba yana zaune yana jefa ƙoshiya, har ya fitar da ƙwarya tara. Ƙwarya ita ce siririn ƙyallen nan mai faɗin tafin hannu da ke fitowa daga masaƙa, wanda ake haɗa su da yawa kafin su zama zane.

Sai rigimar kore. Marinin ƙauyen gaba ya ce shi ramukansa shuni suka sani, baƙi da shuɗi, bai taɓa fitar da kore ba. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta warware. Ta ce ya tsoma ƙwarya shida sau ɗaya kawai, su fito da shuɗi mai haske, ita kuma ta haƙo saiwar rawaya ta dafa su a ciki. Suka fito kore shar kamar ganyen gyaɗa. Baba ya jera uku a sama, farare uku a tsakiya, uku a ƙasa, ya haɗa su gefe da gefe a tsawonsu. To masaƙi ya san wata hanyar haɗa ƙyalle ban da wannan? Haka ake haɗa gwado, haka ake haɗa zane, tun kaka da kakanni. Jakadan hakimi ya dawo ya gani, ya gyaɗa kai ya ce haka take sak. Aka ɗaura ta a kan gora mafi tsawo a garin, Baba ya ɗaga ta a ƙofar gidan mai gari.

Matsalar rawaya ita ce ba ta da riƙo. Wuni guda a rana, shekara guda a cikin adaka, sai ka buɗe ka ga koren ya sulale ya koma shuɗi. Daga nan al'adar ta samo asali. Duk ƙarshen Satumba sai a farke ɗinkin nan biyu da ya haɗa fari da kore, a wanke farin da sabulu a sa masa bula, a sake dafa koren a rawaya, a shanya, a ɗinke da hannu. Kakata ta yi ta yi har ta rasu, Inna ta karɓa. Ni da na taso, ƙanshin dafaffiyar saiwar rawaya a gidanmu shi ke gaya mini ranar 'yancin kai ta matso, ba rediyo ba.

Ranar kuwa babu mai zuwa gona sai an ɗaga tuta, duk da lokacin cirar gyaɗa ne, kowa hankalinsa na can. Da aka gina makaranta aka kafa sandar ƙarfe mai igiya, sai bikin ya koma filinta. Sai bayan na gama firamare aka kawo wa makarantar tutar gwamnati, ita ce a sama sauran ranakun shekara. Ranar ɗaya ga Oktoba kaɗai ake sauke ta, Baba ya zo da babbar riga ya ja tamu da hannunsa, yara su rera taken ƙasa su yi maci. Kowane gida ya kawo kwanon dafaffiyar sabuwar gyaɗa a zube a kan tabarma, a ci har ɓawo ya rufe ƙasa. Kafin azahar kowa ya ɗauki fartanya ya nufi gona. Shugabannin makarantar da aka yi ta kawowa 'yan yankin ne, sun san zancen, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya ce uffan.

Na girma, na yi makarantar horon malamai, na yi aure a unguwar gabas, aka ba ni koyarwa a wannan makarantar da na yi. Aji shida nake riƙe da shi shekarar da ƙasa ta cika hamsin. A shekarar ne aka kawo mana sabon hedimasta daga birni. In faɗi gaskiya, mutum ne mai aiki. Shi ya gyara rufin aji biyu, shi ya hana malamai zuwa a makare, ciki har da ni. Ban so shi ba, amma ba don ya zalunce ni ba.

Saura kwana goma ya tara mu a ofis ya ce bana bikin babba ne, za a turo wakili daga ƙaramar hukuma. Mataimakinsa, a cikin lissafa shirye-shirye, ya ce sai a aika gidan Baba a fara rinin tuta. Hedimasta ya ce wace tuta? Aka yi masa bayani. Ya ce a kawo ya gani. Na je gida na ɗauko ta daga adaka, ina tafe ina taƙama, na shimfiɗa masa a kan tebur. Ba a rina ta ba tukuna, shuɗiya ce fes.

Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce, "Malama, wannan ta wace ƙasa ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ƙasar da aka ba mu tun ba a haife ka ba."

Mataimakin ya fara tari. Hedimasta bai ɗaga murya ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya ce ya ga aikin hannu ne mai daraja, a ajiye ta a kula da ita. Amma tutar ƙasa tana da siffarta a doka, ba kowa ke yin tasa ba. Ya ce yanzu kowane saurayi da waya a aljihu, hoto guda za a ɗauka ya zaga duniya, a ce ga makarantar da malamanta ba su san tutar ƙasarsu ba. "Yaran da kike koyarwa za a yi wa dariya, Malama, ba ni ba. Ba za ta hau sandar makarantar nan ba. Zan aika Ɗanbatta a sayo sabuwa. Ke 'yarsa ce, ke za ki gaya masa."

Na naɗe tutar na fita ban ce masa ko sai an jima ba. Abin haushin, ina tafe ina neman inda ya yi ƙarya a maganarsa, ban samu ba.

Kwana biyu ina kewaye gidanmu na kasa shiga. Rana ta uku da hantsi na same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Baba lokacin ya kai saba'in, ya daɗe da barin saƙa tunda atamfa ta kashe kasuwar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata, wannan fuskar fa? Ke da wa kuma?"

Na zauna na gaya masa duka. Sannan na kawo dabarar da na ƙulla a raina, ina ganin na yi basira. Na ce tunda ko yaya za a farke ta, me zai hana mu yanka ƙwaryoyin gida biyu, mu jera su a tsaye, mu ɗinke? Sai ta zama irin ta kowa, hedimasta ba shi da bakin magana, Baba ya ja igiyarsa kamar kullum.

Ya ce in miƙo masa. Ya shimfiɗa ta a cinyarsa, ya kama yatsana ya ɗora a kan farin, yana jan sa a hankali. Ya ce, "Kin ji nan da laushi? Kaɗin uwata ne, ba a yi mai siririn zare kamarta ba. Daga nan zuwa nan na gidan liman ne. Wannan mai ƙulle-ƙullen na uwargidan mai gari ne, ba ta iya kaɗi ba ko kaɗan, amma ta rantse sai an sa nata." Ya yi ta bi da ni gida gida, yana kiran mata da sunayensu, waɗanda ban taɓa gani ba, waɗanda jikokinsu ke zaune a ajina. A cikinsu uku kaɗai suka rage da rai.

Ya ce, "Saƙar hannu in kika yanke ta a gicciye, zare zai bi zare ta warware. Ko kin kalmashe bakin, shekara biyu ta zama tsumma. Tun ranin shekarar da na yi ta na je Kano na ga tasu. Na dawo na ɗauki almakashi, na kasa. Mu da muka yi ta ba mu ga ta kowa ba, Uwata. An ce mun samu ƙasa, muka tashi muka yi mata tuta da abin da ke hannunmu."

Na ce to sai mu tara dattawa a je wa hedimasta. Ya ce a'a. "Gaskiyarsa. Makarantar gwamnati ce, sandar gwamnati ce." Ya ninke ta ya ba ni, ya ce in kai wa Inna ta rina ta kamar yadda aka saba, a mayar adaka. Ina bakin ƙofa ya ƙara da cewa, kamar maganar ba ta dame shi ba, "Ni ranar ma gona zan wuce da sassafe. Gyaɗar fadama ta isa cira."

Shekara hamsin mutumin nan bai taɓa taka gona ranar nan kafin a ɗaga tuta ba. In ya tafi, sa'o'insa duk za su bi shi, in suka tafi mata ba za su dafa gyaɗa ba, shi ke nan ranar ta zama ta malamai da baƙi. Ba wannan ne ma ya fi ci mini rai ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce a shekarar cika hamsin tutar tana cikin adaka, mai ita yana duƙe a fadama shi kaɗai, kuma da bakina aka aika masa.

Da na gaya wa Inna sai ta ja tsaki ɗaya mai tsawo. Ta farke, ta dafa, ta shanya. Koren bana ya kama sosai. Ranar da ta gama ɗinki ta kira ni mu miƙe ta, don ɗinkin ya zauna. Ta kama kusurwa biyu ta wancan ƙarshen, na kama biyu ta nan, muka ja muka ɗaga. Inna ta fi ni tsawo, sai tutar ta gangaro daga wajenta zuwa wajena. Na ɗaga ido na duba tsawonta, sai na tsaya cak. Daga inda nake, kore ne a hagu, fari a tsakiya, kore a dama.

Na ce, "Inna, zo ki tsaya nan." Muka yi musanya, na hau kan turmi. Ta duba ta ce, "Ikon Allah! Yo ai ga ta nan a tsaye."

Ban gaya wa kowa a makaranta ba. Na zaɓi 'yan mata shida daga ajina, na ce su riƙa biyowa gidana bayan la'asar. Da tabarma muka yi ta gwaji a tsakar gida, uku a kowane gefe, suna riƙe da baki suna maci da ita a shimfiɗe, yadda za su ɗauki tutar ƙarshenta na fuskantar masu kallo. Tabarma ta faɗi ya fi a ƙirga, mai gidana yana leƙowa yana cewa ko sana'ar dako zan koya musu. Na ja musu kunne, na ce duk wadda ta kai maganar waje sai na yi ƙasa-ƙasa da ita. Allah Ya yi musu albarka, ko ɗaya ba ta yi ba.

Ranar ta faɗo Juma'a, saboda haka aka ce a fara da wuri. Ina shiga gidanmu da safe don in ɗauki tutar na tarar ana ta cacar baki. Baba sanye da rigar gona yana dube-dube, Inna zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Ashe fartanyarsa ta ɓoye a ƙarƙashin tabarmar, ta zauna a kai.

"Malam," in ji ta, "shekara arba'in da ɗoriya ina farkewa ina ɗinkewa, yatsuna duk huda. Yau ka ce mini gona? Wallahi sai dai ka ciri gyaɗar da haƙori. Ga rigarka can na goge."

Ya ce, "In je in yi me?"

Ta ce, "Ka je ka tsaya. Ƙasar ta hedimasta ce shi kaɗai?"

Na zura tutar cikin hijabina na sulale, ban tsaya jin ƙarshensa ba.

Fili ya cika, amma ba irin cikar da na sani ba. Labari ya riga ya zaga, kwanonin gyaɗa ba su kai rabin na bara ba, dattawa sun zauna can gefe a gindin darbejiya fuska ba walwala. An kafa wa baƙi rumfa a ƙarshen fili. Wakilin ƙaramar hukuma ya iso, aka zaunar da shi. Ina jera yara sai na hango Baba yana shigowa da farar babbar riga, Inna a bayansa kamar mai rakiyar fursuna. Bai je gindin darbejiya ba. Ya tafi kai tsaye ya tsaya a sahun gaba, kusa da sanda, inda ya saba tsayawa.

Hedimasta da kansa ya ja sabuwar tutar. Ta leda ce, mai sheƙi, iska kaɗan ta ishe ta kaɗawa. Aka fara taken ƙasa. Na saci kallon Baba. Ya miƙe sambal, hannuwa a gefe, ido a sama a kan tutar da ta karɓe masa wuri, bai motsa ba har aka gama. Dattawan da suka yi niyyar zama, da suka ga haka, ɗaya bayan ɗaya suka miƙe. Ni da na zo da shirin faɗa, kunya ta kama ni, hawaye suka cika mini ido. Ban taɓa alfahari da mutum kamar yadda na yi da tsohon nan a wannan tsayuwar ba.

Aka fara maci daga aji ɗaya. Tsarin shi ne kowane aji ya taso daga bakin fili, ya miƙe ya nufi rumfar baƙi, sannan ya karya hagu. Mu ne na ƙarshe. Da aji biyar suka karya, na zaro ta daga hijabi, 'yan matan nan suka kama, suka ware ta a gaban sahu. Na ce, "Ku tafi. Kada wadda ta kalli kowa."

Mai ganga ya ci gaba da kiɗansa. Suka yi taku goma. Sai wata tsohuwa, ɗaya daga cikin ukun nan da suka rage, ta rangaɗa guɗa da muryar da ban san tana da sauranta ba. Mata suka ɗauka gaba ɗaya. Maza suka taso daga gindin darbejiya har suna ture igiyar da aka kewaye fili da ita. Na ji wani yana ce wa ɗansa, "Duba, duba, zaren kakarka na ciki!" Samari suka ɗaga wayoyi. Su ɗauka mana, na ce a raina, daga gaba dai kore ne, fari, kore. Wakilin ƙaramar hukuma ya tafa mana kamar yadda ya tafa wa aji biyu, ban jin ya san abin da ya wuce ta gabansa. Wasu matan kuwa tuni sun aika gida a ƙaro gyaɗa.

Hedimasta ya sani. Bayan baƙi sun tashi ya kira ni gefe, ya ce, "Malama, me na ce?" Na ce, "Ka ce ba za ta hau sanda ba, ranka ya daɗe, kuma ba ta hau ba." Ya ce, "Kin sauya tsarin biki ba tare da izini ba." Na ce haka ne. Ranar Litinin ya ba ni takardar gargaɗi, na sa hannu ban yi musu ba, don na cancance ta. Amma bai ce kada in sake ba, na lura da wannan.

Ba shi ne a gabana ba a ranar. Baba nake nema. Tun da muka wuce ban yarda na kalli inda yake ba, don tsoro. Mutum ne da ba ya son a yi rigima a kansa, ya ce a mayar da ita adaka, ni kuma na fito da ita gaban duniya ban shawarce shi ba. Na same shi a bayan aji shida, nesa da hayaniya. 'Yan matan sun kai masa tutar, ya shimfiɗa ta a kan benci yana bin gefenta da yatsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama kusurwa ɗaya ya nuna mini, ta yi ja da ƙasa.

Ya ce, "Wa ya jera yaran nan?"

Na ce ni ce.

"Kin sa dogaye a gaba, gajeru a baya. Baya ne ya kamata ya ɗaga, gaba ya sauka, sannan na rumfa su gan ta sosai. Ga shi har kusurwa ta ja ƙasa."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Ya kaɗe ƙasar da bayan hannu, ya ninke ta gida huɗu yadda yake ninke ta kullum. Na miƙe ina jiran ya saka ta a hammata ya tafi da abinsa. Sai ya ɗora mini ita a hannu, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ya ce, "Baɗi ki sa dogayen a baya, Uwata."